Takalmin da Ke Bayan Tayil

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta sunan layin, na manta shekarar. Sunan da matar ɓoyen ta faɗa wa malam Si Allal ma, wanda a da ko daga barci aka tashe ni zan faɗe shi, yanzu in na laluba sai in tarar da gurbinsa kawai. Abin da ya rage a hannuna shi zan ba ku, kamar yadda Driss ya ba ni da bakinsa, kansa a sunkuye, bayan abin ya daɗe da wucewa.

A Gouda ne, wani gari a ƙasar Turawa, a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen nan da suka jingina da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Driss direban bas ne. Yana zaune da matarsa Ouarda, da 'yarsu Loubna mai koyon aikin jinya, da mahaifiyarsa Lalla Tamimount, wadda ya ɗauko daga duwatsun Rif, can ƙasarsu ta asali, bayan rasuwar mahaifinsa. A kicin ɗinsu, tsakanin teburin girki da kabad ɗin sama, akwai tsohon tayil da ya yi rawaya ya tsattsage, maiƙo ya shige cikin tsagarsa har Ouarda ta gaji da gurzawa. Da Driss ya samu hutu cikin sanyin ƙarshen shekara, sai ya ce shi zai canza shi da hannunsa. Ya kwana biyu yana kallon yadda ake yi a waya.

"Kai ɗin?" in ji Ouarda. "Kai da ka kafa ƙusa ɗaya agogo ya faɗo mana a cikin miya?"

"Wannan laifin bango ne."

"To ai wannan ma bango ne, Driss."

Maƙwabcinsu na hagu wani dattijo ne mai suna Arie, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, matarsa ta rasu, 'yarsa tana wani gari. Shi ya ara masa guduma da cizal da ma'aunin nan mai ƙwayar ruwa a ciki, ya kuma ce zai tsaya ya ga farawa. Driss ya daɗe yana son Arie ya ɗauke shi mutum kamar kowa a layin, wanda yake share gaban ƙofarsa, yake fitar da shara ranar da ta dace, yake gyara gidansa da kansa. Bai taɓa faɗa ba. Amma in Arie yana kusa, har tsayuwarsa canzawa take yi.

Sun makara ranar. Kafin su sauke kwanuka su rufe murhu da leda, la'asar ta wuce, hasken taga ya fara komawa toka-toka, irin duhun nan na hunturu da yake saukowa tun mutane ba su taso daga aiki ba. Driss ya ɗaga guduma ke nan sai ya ji takun mahaifiyarsa a matattakala, a hankali, ƙafa ɗaya tana jiran ɗaya. Ta shigo da ɗan kwano cike da madara, ga gishiri ƙulle a bakin gyalenta.

"Ɗana," ta ce da harshen gida, "ba a fasa bango da almuru. In kuwa ya zama dole, a yi wa masu wurin sallama tukuna, a ba su lokaci su kwashe 'ya'yansu."

Ta tsoma yatsu a madarar, ta fara yayyafawa a gindin bango, leɓunanta suna motsi.

Arie ya tambaya, a hankali, "Me take yi?"

Driss ya ji zafi ya taso masa daga wuya zuwa kunnuwa. Ya ga mahaifiyarsa da idon wani: tsohuwa mai zanen shuɗi a haɓa, tana shayar da bango. Ya miƙa hannu ya karɓe kwanon, ba da ƙarfi ba, amma ya karɓe. Ya juye madarar a wurin wanke-wanke, ya buɗe famfo a kai.

"Ka san tsofaffi," ya ce da harshen Arie, yana dariya. "Har yanzu a ƙauye take."

Lalla Tamimount ba ta jin harshen, amma ta ji dariyar. Ta dubi hannunta da ya rage ba komai, ta goge shi a jikin zani, ta juya. Takunta a matattakala ya fi na saukowa nauyi.

Tayil ɗin ya yi ta zubowa. Da aka zo kusa da murhu, inda bangon yake da ɗumi kullum, sai cizal ya nutse. Bulo ɗaya ne ba a ɗaure shi da siminti ba. Driss ya zaro shi, ya zura hannu a kogon, ya fito da wani ɗan takalmi na fata, ƙafa ɗaya, ya bushe ya yi baƙi, na yaron da bai daɗe da fara tafiya ba. Gaban Driss ya ɗan faɗi. Amma ya riga ya yi dariya sau ɗaya, dole ya yi ta biyu.

"Wani magini ya manta da ɗansa a ciki," ya ce.

Arie ya buɗe baki, ya rufe. Sannan shi ma ya yi dariya, 'yar gajeriya. Driss ya jefa takalmin a buhun ɓaraguzai, ya cike kogon da siminti. Arie ya ce a bar masa buhunan, da safe zai kai su juji da motarsa.

Washegari Driss ya shafa gam, ya jera sabon tayil fari ƙal, ya sa 'yan robobin da ke raba tsakani, ya auna, ya sake aunawa. Ya yi kyau. Ouarda ma ta ce ya yi kyau, ko da yake ta ce da bango take. Amma da rana ta faɗi, suna falo, sai suka ji wani sauti daga kicin, kamar an ajiye faranti a hankali. Sannan wani. Sannan wani. Da suka leƙa, layin da ke kusa da murhu ya sauko gaba ɗaya. Ba faɗowa ya yi ba. An jera shi ne a ƙasa, ɗaya kan ɗaya, ko guda bai fashe ba.

"Gam ne," in ji Driss. "Sun sayar mini da tsohon gam."

Ya sayo wani. Magariba ta sake yi, layin ya sake saukowa.

Daga nan sai jifa. Gutsattsarin tsohon tayil, mai rawaya, wanda aka riga aka kwashe aka fitar daga gidan, su ne suke tasowa daga kicin su bi dogon lungun gidan su daki ƙofar falo. Ba a ganin hannun da ya jefa. In ka ɗauki gutsuren sai ka ji shi da ɗumi. Kuma a cikin bangon, can ƙasa-ƙasa, akwai murya kamar ta mace mai rarrashin jariri da baki rufe, ta yi shiru, ta sake ɗauka. Ba ta jiran dare ya raba. Da almuru take zuwa, lokacin da fitilun kekuna suke wucewa ta gaban taga, mutane suna komawa gida kamar kullum.

Abin da ya fi damun Ouarda shi ne takalma. Sukan cire su a bakin ƙofa. Kowace magariba sai a tarar da na ƙafar hagu duka a gindin murhu, an kifar da su, kamar an gwada kowanne an ga bai yi ba.

Driss ya san abin da ake nema. Shi kaɗai ya sani a gidan, kuma ya yi shiru. Mahaifiyarsa ta daina saukowa. Ouarda ce take kai mata abinci sama. In ya shiga gaishe ta, sai ta amsa masa da ladabi, kamar yadda ake amsa wa baƙo, idonta a kan carbi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Sai abin ya koma kan Loubna. Ta dawo daga makaranta wata yamma, ta ajiye keke, ta wuce kicin ba ta cire rigar ruwa ba. Suka same ta zaune a ƙasa, ta jingina da bangon murhu, hannuwanta a naɗe a ƙirji kamar mai rungume da jariri, tana girgiza shi. Muryar da suke ji a bango, yanzu daga maƙogwaronta take fitowa. Ba ta gane uwarta ba. Sai da aka yi isha ta farfaɗo, tana tambayar wa ya jiƙa mata riga.

Driss ya kai ta wurin likita. Likita ya auna ta, ya ce gajiyar karatu ce, ta sha maganin ciwon kai, ta huta, in bai wuce ba su dawo. Bai wuce ba. Kullum lokacin yana ƙara tsawo. Ta daina cin abinci. Hannuwanta suka sage saboda riƙon abin da ba a gani, ko da safe ba sa miƙewa sosai.

"Ka kira malam Si Allal," in ji Ouarda.

"Bangon nan kamar takarda yake. Duk layi zai ji."

"Su ji mana! 'Yarka ce take ƙarewa, kai kana lissafin kunnen maƙwabta?"

A yammacin nan Driss ya durƙusa gaban Loubna da kofin shayi, yana roƙonta ta kurɓa. Ta daina girgiza. Ta ɗago ta dube shi da idanun da ba nata ba, ta yi magana da wani tsohon harshen garin, irin wanda ko Arie ba ya yi.

"Kai ne mai dariyar," ta ce.

Kofin ya suɓuce daga hannunsa. Ya fita cikin yayyafi ko hula bai sa ba, ya nufi wurin Si Allal.

Si Allal na san shi sosai, mun yi karatu a gaban malami ɗaya, ko da yake ya fi ni haƙuri da littafi. Ɗan ƙaramin mutum ne mai sanyin murya, a keke yake yawo, ya ɗaure bakin jallabiyarsa da abin maƙale shanya. Ya iso washegari bayan la'asar. Ya ce kowa ya sauko, har da tsohuwa. Lalla Tamimount ta zauna a kujera bakin ƙofar kicin, ba ta dubi ɗanta ba.

Ya zauna a ƙasa gaban yarinyar, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Hasken taga yana ta ja da baya, ba wanda ya tashi ya kunna fitila. Karatun ya yi nisa, ɗakin ya yi nauyi, har famfon da yake ɗiga ya daina. Can Loubna ta sunkuya a kan abin da take rungume da shi, kamar mai kare shi daga ruwan sama.

"Ya isa," in ji muryar. "Za ka tayar mini da shi."

"Wace ce ke?"

Ta faɗi sunanta, wanda na ce muku ya ɓace mini.

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai. Hannuwanta suna da ɗumi."

"Ba naki ba ne. Zalunci ne wannan, kin kuma sani."

"Zalunci?" Muryar ta yi ƙasa. "Na zauna a bangon nan tun ana girki da gawayi. Masu gida sun zo sun tafi, ban taɓa fasa wa kowa kofi ba. Tsohuwar can ta yi mana sallama, na ji ta, na tashi zan ɗauki ɗana. Sai wannan ya karɓe mata kwano, ya ɗaga guduma. Ya jefar da shimfiɗar ɗana, ya toshe mana ƙofa. Tun ranar yaron bai runtsa ba."

"Wace shimfiɗa?"

"Tambaye shi."

Duk suka juyo. Driss ya gaya mini cewa a rayuwarsa bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi irin na lokacin ba. Ya faɗa, da harshen gida, don mahaifiyarsa ta ji: takalmin, da dariyar, da abin da ya ce wa Arie a kanta, kalma da kalma. Ouarda ta rufe baki da hannu. Tsohuwa ba ta motsa ba, sai carbin da ya tsaya.

Si Allal ya koma kan yarinyar. "An yi miki ba daidai ba. Amma za ki fita. Me zai sa ki fita da daɗin rai?"

"A bar mini ita har ɗana ya girma."

"A'a."

"To a zubar mini da jinin zakara a gindin murhu."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Kada ki sake wannan maganar."



"Takalmin," ta ce.

"Ya tafi juji," in ji Driss. "Tuni an niƙe shi."

"Bai tafi ba." Loubna ta juya kanta a hankali, ta kafa kunne a bangon da ya raba su da maƙwabci. "Ina jin ƙamshinsa. Amma ba a yi mini izinin shiga can ba."

Tsakanin ƙofar Driss da ta Arie babu nisa, amma ya ce ya fi tafiyar Rif tsawo. Ya tsaya cikin yayyafi, ya danna ƙararrawa. Arie ya buɗe nan take, kamar dama a bayan ƙofar yake.

"Maƙwabci," in ji Driss, "zan faɗa maka wata magana, in ka ga dama ka yi dariya. 'Yata ba ta da lafiya. Akwai malami a kicin ɗina. Takalmin nan da na jefar…"

Fuskar Arie ta yi ja har goshi. Ya shiga ciki, ya dawo da wani abu naɗe cikin hankici.

"Na ciro shi tun daren," ya ce, yana kallon ƙasa. "Kakata takan ce ba a fitar da irin wannan daga gida. A gidanmu na da ma akwai ɗaya a bayan murhu. Na so in ce ka mayar. Sai na ga kana dariya, na ce mutumin nan zai ɗauka mu ma ƙauyawa ne." Ya share hanci. "Kullum ina jin jifan ta bango. Na ɗauko shi na zo ƙofarka ya fi a ƙirga, sai in koma."

Suka tsaya, dattawa biyu, kowa ya kasa duban ɗan'uwansa.

Arie ya biyo shi. A bakin ƙofa ya cire takalmansa ba wanda ya ce masa, ya shiga da safa mai huda a babban yatsa. Si Allal ya karɓi hankicin ya buɗe, ya ajiye takalmin a cinyar Loubna. Hannuwan da suka daɗe a naɗe suka sauko a hankali, suka kwantar da wani abu a cikinsa. Sannan suka saki. Numfashin da ya fito daga yarinyar, Ouarda ta ce irin na mai jego ne da jaririnta ya samu barci.

"Yanzu ki cika alkawari," in ji Si Allal. "Mai gida zai buɗe miki kogonki."

"Ba na zama inda aka yi wa mai sallama dariya."

"To ki tafi inda ba mutane, ki yi rantsuwa ba za ki dawo wa yarinyar nan ba."

"Na rantse. Amma sanyi ake yi, malam. Ina zan kai shi?"

Da harshen garin take magana, don haka Arie ya ji. Ya yi gyaran murya, yana kallon silin.

"Ni dai," ya ce, "gidana ba kowa. Murhuna kuma a kunne yake wuni."

Si Allal ya ce mini shi bai ji wannan maganar ba, ya shagala da karatu. Na bar shi a haka. Ya kama ƙaramin yatsan ƙafar Loubna na hagu, ya karanta abin da ya karanta. Yatsan ya yi rawa, ya tsaya. Famfo ya ci gaba da ɗiga.

Loubna ta buɗe ido. Ta dubi malam, ta dubi uwarta, ta dubi safar Arie, sannan ta ɗaga kai ta dubi bango.

"Baba," ta ce, "wa ya yi wannan aikin? Ai a karkace yake."

Ouarda ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Driss bai yi ko ɗaya ba. Ya buɗe firji, ya zuba madara a ɗan kwanon nan, ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, a gaban Arie, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Inna," ya ce.

Ta daɗe tana kallon kwanon. Si Allal ya ce a hankali, "Lalla, madarar dai ba ta cikin littafi. Sallamar ce take ciki."

"Na sani, Si Allal," ta ce. "Tun ba a haife ka ba na sani."

Ta karɓi kwanon. Ba ta yayyafa ba, don babu sauran wanda za a yi wa sallama. Ta kurɓa, ta miƙa wa ɗanta ragowar.

"Sha," ta ce. "Ka rame."

Ya sha, hawaye suna sauka a ciki. Ya gaya mini ta yafe masa a ranar, amma shi har ta rasu bai iya tsayawa a kicin ɗin tare da ita ba tare da kunnuwansa sun yi zafi ba. Tayil ɗin ya zauna daga ranar. A karkace, kamar yadda Loubna ta faɗa, bai kuma yarda kowa ya gyara ba.

Ban tuna wanda ya ɗauki takalmin a daren ba, Driss ma bai lura ba. Amma abu ɗaya na tabbatar da kaina. Bayan Arie ya rasu, 'yarsa Tineke ta dawo gidan da mijinta, suka shiga gyare-gyare. Na bi ta layin wata rana, lokacin ƙafafuna suna kai ni, na tambaye ta ko ta ga wani abu a kicin. Ta dubi bayanta tukuna, sannan ta rage murya. Ta ce a bayan tayil ɗin da ke kusa da murhu ta samu ɗan takalmi naɗe cikin hankici, a ƙasan kabad kuma akwai ƙaramin faranti da madara ta bushe a ciki, alhali mahaifinta bai taɓa kiwon kyanwa ba, madara kuwa ko a kofi ba ya sa ta. Na ce to me ta yi da takalmin. Ta ce ta mayar da shi ta rufe, ranar da mijinta ba ya gida. Har yau ba ta gaya masa ba.